Shin Zuwa Wajen Likitan Damuwa Ya Saɓa wa Tawakkali?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni matar aure ce a wani ƙauye a ƙasar Roni, jihar Jigawa. Tun da yarona ya rasu bara barci ya ƙaurace mini, abinci ba ya shiga, ko surfe na fara sai kuka ya ƙwace mini. An yi ruƙiyya, na sha rubutu. Likita ya ce jikina lafiya, ya tura ni Kazaure wajen wanda zan riƙa zama da shi muna magana. Surukata ta ce wannan tonon asiri ne da rashin tawakkali. Ya halatta in je? Me zan tarar a can?

AMSA: Wa alaikumus salam. Allah ya sa yaron mai ceto ne, ya sanyaya miki zuciya. Ya halatta ki je, kuma a halin da kika bayyana ina ganin zuwan shi ne ya fi.

Neman magani ba ya rushe tawakkali. Bukhari ya ruwaito daga Abu Huraira cewa Allah bai saukar da wata cuta ba face ya saukar mata da waraka, hadisin kuma bai ware ciwon zuciya ba. Nana A'isha takan sa a dafa talbina, wani kunun sha'ir, a ba wa waɗanda aka yi wa rasuwa, tana cewa ta ji Annabi (SAW) ya ce tana sanyaya zuciyar majinyaci, tana tafiya da wani sashe na baƙin ciki. Shi kansa da ɗansa Ibrahim ya rasu ya zubar da hawaye, ya ce ido na hawaye, zuciya na baƙin ciki, amma ba ma faɗin sai abin da Ubangijinmu ya yarda da shi. Magani ta hanyar zance ma ba Turawa suka fara shi ba. Abu Zaid al-Balkhi, wani masani Musulmi da ya rasu a 934 Miladiyya, ya yi rubutu a kan tsoro da baƙin ciki da waswasi, da yadda ake gyara tunani da tunani.

Maganar surukarki tana da wajen kamawa, kar ki raina ta. Shari'a ta hana gulma, ta hana mutum ya yaye rufin da Allah ya yi masa. Sai dai malamai sun keɓe inda buƙata ta kama. Hindu 'yar Utba ta zo wajen Annabi (SAW) ta ce mijinta Abu Sufyan marowaci ne, bai tsawata mata ba, domin mafita take nema. A kan wannan nake kiyasta mai ba ki magani: ki faɗi abin da maganin ke buƙata, ko da ya shafi maigida ko kishiya, ki tsaya nan. Sirrin shimfiɗa kuwa ba a taɓa shi sai da lalura.

Ki nemi mace in akwai. In babu, namiji ya halatta, amma ba a kulle ƙofa daga ke sai shi ba. A samu nas a ciki, ko muharraminki ya zauna inda yake hango ku ba tare da ya ji zancen ba. Ga maigida kuma ina cewa: ka ba ta izini, ka raka ta, wannan yana cikin kyakkyawan zama da Allah ya umarce ka. Ya dame ni ƙwarai yadda muka mayar da asibitocin ƙwaƙwalwa na Dawanau da Kazaure abin zagi, har mara lafiya ya gwammace ya ƙare a ɗaki.

Ranar farko tambayoyi ne za su yi yawa: yaushe abin ya fara, yaya barci, yaya ci, wa kike zaune da shi, wane magani kika sha. Ki faɗi har na gargajiya, kar ki ɓoye. Zama ɗaya yakan kai kusan awa guda, kuma ba zuwa ɗaya ba ne, akan sa rana a koma, don haka ku tanadi kuɗin mota. Mai yiwuwa ki fito ba a ba ki ko ƙwaya ɗaya ba, domin masanin halayyar ɗan Adam da magana yake aiki, likitan ƙwaƙwalwa ne ke rubuta magani idan ya ga da buƙata. Za a iya ba ki ɗan aikin da za ki gwada a gida, kamar tsayar da lokacin kwanciya ko leƙa maƙwabta. Wani lokaci bayan zaman farko zuciya kan ƙara nauyi, saboda an fama miki, wannan ba alamar maganin bai karɓe ki ba ce. Sirrinki amana ne a wuyan mai ba ki magani, ba zai fitar ba sai inda rai yake cikin haɗari, kuma kina da haƙƙin tambayarsa wannan tun farko. Idan ya ba ki shawarar da ta ci karo da addini, ki gaya masa, ki tambayi malami.

Ki ci gaba da azkar da ruƙiyyar Alƙur'ani, ba sa karo da wannan magani. Idan kuwa tunanin halaka kanki ya taɓa zo miki, ki gaya wa maigida yau, a kai ki asibiti ba tare da jiran ranar da aka sa ba, domin a nan neman magani ya zama wajibi. Wallahu a'alam.