Ruwan nitirojin a fulas ɗin shayi?

Tambaya: Malam, ina koyar da kimiyya a wani ƙauye kusa da Ringim, kuma ina aikin digiri na biyu kan na'urar gano haske ta SiPM. Firizar makaranta ba ta ba ni sanyin da nake so ba. Wani mai yi wa shanu baye da allura ya ce zai sammin ruwan nitirojin in ɗauko a fulas ɗin shayi. Hankalina bai kwanta ba.

Amsa: Ƙanena, gara da bai kwanta ba.

Batun firiza gajere ne. Sanyinta bai wuce digiri 18 ƙasa da sifili ba, ruwan nitirojin kuwa 196, ruwan agon (wata iska ce da ake mayarwa ruwa kamar nitirojin) 186. A agon ne irin waɗannan na'urori za su zauna a DUNE, wani babban gwajin kimiyya da ake ginawa a Amurka, shi ya sa ake tsoma su a nitirojin a fitar, a sake tsomawa, a ga ko za su tsage. A irin wannan sanyi ƙirgen ƙarya da suke yi cikin duhu, wato nuna alamar haske alhali babu shi, yakan faɗi warwas, ƙarfin lantarkin da suke fara aiki da shi ma ya sauka. Awon firiza ba zai nuna maka wannan gaba ɗaya ba.

Fulas ɗin ne ya tayar min da hankali, don na gaji da jin wannan shawara. Mutane sun ɗauka abin da ya riƙe zafin shayi zai riƙe kowane sanyi, sai a murɗa murfi tamau "don kada ya ƙare". Nitirojin tafasa yake yi ba tsayawa. Lita ɗaya takan zama iska kusan lita 700. Ka toshe masa hanya, ka ɗora a babur cikin ranar Jigawa, fashewa zai yi a jikinka. Ka je ka dubi tulun da mutumin yake ajiye maniyyin bijimai: murfinsa sako-sako ne, da gangan aka yi shi haka. Ya san wannan sarai, amma kai ya ce maka fulas!

Kuma ba shi da wari ko launi. A ɗakin da aka rufe tagogi saboda ƙurar hunturu, yakan kore iskar numfashi, mutum ya faɗi bai ji komai ba.

Ka kai na'urarka ɗakin gwaji na jami'arku, inda akwai tulu na gaskiya, safar hannu ta sanyi da gilashin kare fuska. In takardar izini ta yi wata uku a ofis, ka jira ta, kana bibiya.