Manhajar tsara darussan mako: ta kyauta ko ta biya?

Wata malama mai koyar da lissafi a ajujuwa huɗu na sakandare ta rubuto tana cewa: "Na daɗe ina rubuta shirin darasina a littafi, amma abokan aikina sun dame ni da shawarar in koma manhajar intanet ta tsara darussan mako. Na ga akwai na kyauta, akwai kuma waɗanda ake biya. Wacce ya kamata in ɗauka?"

Malama, kafin ki kalli kyawun launuka da yawan maɓallan kowace manhaja, ki yi mata gwaji guda ɗaya: ki cika darussan aji ɗaya na mako biyu, sannan ki ɗage darasin ranar Talata zuwa ranar da za ki sake shiga wannan ajin, ki ga abin da zai faru da sauran. Dalilin wannan gwajin shi ne da wuya mako ya tafi yadda malami ya tsara shi. Taron malamai yakan cinye darasin farko, a kan ba da hutun da ba a yi tsammani ba, wani lokaci kuma ki shiga da niyyar fara sabon babi sai ki tarar rabin ajin bai kama na jiya ba, dole ki tsaya ki maimaita. A littafi, wannan yana nufin gogewa da jan kibiyoyi har shafin ya cakuɗe. Manhajar da aka ƙera domin malamai, irin su Planbook, tana tura dukkan darussan da ke biye gaba da kanta, tana tsallake ranakun da ba ki da ajin da kuma ranakun hutun da kika shigar. Ga mai ajujuwa huɗu, inda ɗaya ya yi gaba wani kuma yana jan ƙafa, wannan aikin kaɗai yana iya zama hujjar biyan kuɗi, kuma idan manhaja ba ta iya shi ba, ban ga abin da ta fi littafinki da shi ba.

Abu na biyu da za ki bincika shi ne hanyar fita. Yawancin waɗannan manhajoji ba sayensu ake yi sau ɗaya ba, haya ce da ake sabuntawa duk wata ko duk shekara, saboda haka ki tabbatar za ki iya sauke dukkan shirinki a matsayin PDF ko wani fayil da ke buɗuwa ba tare da manhajar ba, ki kuma karanta abin da kamfanin ya ce zai faru da aikinki ranar da kika daina biya. Shirin darasi na shekara uku dukiya ce, bai kamata ya zama abin da za a riƙe ki da shi ba. Ki duba kuma ko tana ba da damar kwafe shirin bana zuwa baɗi da sababbin ranaku, domin sai a shekara ta biyu wahalar shigar da darussa take fara biyan kanta.

Da aji ɗaya ko biyu kike koyarwa, da na ce Google Sheets, wato manhajar Google ta tsara bayanai a jadawali, ya ishe ki: ranakun mako a sama, lokutan darasi a gefe, shafi guda ga kowane mako. Kyauta ne, kuma gigabait 15 da Google ke bai wa kowane asusu ya fi ƙarfin rubutun shirin darasi nesa ba kusa ba, sai dai ɗage darasi a cikinsa da hannu ake yi. A halinki, shawarata ita ce ki yi amfani da lokacin gwaji na kyauta da manhajar biya ke bayarwa kafin a fara biya, a tsakiyar zangon karatu, ba lokacin hutu ba, kuma ki fara da aji ɗaya tak, littafinki na gefe.

Wani malamin firamare ya ce: "Waya kawai gare ni, kuma intanet ba ta zama a ajinmu. Shin wannan hanya za ta yi mini?"

Malam, za ta yi, amma da sharaɗi. Wasu manhajojin ba sa buɗuwa sam idan babu intanet, don haka ka kashe datar wayarka ka gwada buɗe shirin kafin ka dogara da kowacce. Google Docs da Google Sheets suna aiki babu intanet, muddin ka zaɓi fayil ɗin ka sa a ajiye shi a wayar tun kana da haɗi, gyaran da ka yi kuma zai hau da kansa idan intanet ta dawo. Duk da haka, ka sauke shirin mako mai zuwa a PDF kafin makon ya shiga. Rubutu ba ya cin data sosai, bidiyo da hotuna ne ke cinye ta. Matsalar da za ta fi damun ka ita ce ƙanƙantar fuskar waya, wadda ba ta nuna mako guda a lokaci ɗaya, saboda haka ka fifita manhajar da ke iya nuna darussan rana ɗaya da rubutu mai girma.

Tambaya ta ƙarshe ta zo daga malamar da shugaban makarantarsu ke son ganin shirinta kowane mako, ita kuma takan rubuta bayanan ɗalibai a cikinsa, tana son sanin yadda za ta nuna masa shirin ba tare da bayanan sun fallasa ba.

Malama, ki raba abubuwan biyu tun yau. Shugaban makaranta ki ba shi izinin dubawa kawai ta adireshin imel ɗinsa, ba izinin gyara ba, kuma ki guji zaɓin da ke bai wa duk wanda ya sami mahaɗin (link) shafin damar buɗewa, domin mahaɗi yakan wuce daga hannu zuwa hannu. Bayanin yaron da ke fama da karatu ko rashin lafiya amana ce, kada ya zauna a shafin da ake rabawa. Idan dole ne ki tuna wa kanki, haruffan farko na sunansa sun wadatar. Ki kunna tabbatarwa mai mataki biyu a asusunki, wato neman ƙarin shaida bayan kalmar sirri kafin a shiga, sannan idan asusun makaranta kike amfani da shi, ki sani hukumar makarantar ce ke da ikon rufe shi ranar da kika bar aiki, don haka ki tambayi ƙa'idarsu game da ajiye kwafin shirinki a ƙarshen kowane zango.