Na'urar ɗumama ruwa da hasken rana a lokacin hunturu

Malam, ka tambaya ko wannan na'ura za ta yi aiki da hunturu a Kano. Za ta yi, domin hasken da ke sauka a kan bututunta ne ke ɗumama ruwan, shi kuma ruwan da ya yi zafi yakan tashi da kansa zuwa tankin da ke sama ba tare da lantarki ba. Abin da nake jiye maka shi ne ƙura, wadda ke tare hasken ƙwarai, saboda haka ka riƙa goge gilashin da sassafe kafin ya ɗau zafi. A fuskantar da na'urar kudu, kuma a tabbatar rufin ɗakin da za a ɗora ta a kai yana da ƙarfi, domin tanki mai lita 200 ruwansa kaɗai kilo 200 ne.