Katin Stephen Curry mai sa hannu: in saya ko in haƙura?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Karatu nake yi a Amurka, kuma tun ina sakandare nake bin wasan Stephen Curry, ɗan wasan ƙwallon kwando. Na ga wani a intanet yana sayar da katinsa mai sa hannu a kan dala 120, ya ce a bakin fili Curry ya sa masa hannu. Da ƙyar na tara kuɗin. In saya? In na ajiye shi zai yi tsada nan gaba?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Wannan katin dai ka bar shi. Labarin bakin fili ba shaida ba ne, kowa na iya faɗarsa, kuma sa hannun bogi tsohuwar sana'a ce a Amurka. A ƙarshen shekarun 1990 sai da hukumar FBI ta yi babban samame a kan masu kwaikwayon sa hannun 'yan wasa suna cika kasuwa da shi.

Hanya biyu ce na yarda da ita. Ko dai katin ya fito daga kamfani da sa hannunsa, kamar Panini da ya riƙe lasisin NBA, gasar ƙwallon kwando ta Amurka, tun 2009 ko Topps da lasisin ya koma wa a 2025, inda za ka ga an rubuta a bayan katin cewa kamfanin ya tsaya wa sa hannun. Ko kuma ya bi ta hannun masu tantancewa irin su PSA da Beckett, su rufe shi a cikin roba mai lamba. Ka ɗauki lambar ka shigar a shafinsu, ka gwama hoton da abin da ake nuna maka, don har robar ma ana yin jabunta. Ka kuma lura, akwai katunan da injin ɗab'i ne ya buga sa hannun tare da hoton, alƙalami bai taɓa su ba. Wanda ɗan wasa ya rubuta a jikin katin kansa ya fi daraja a kan wanda ya rubuta a sitika aka manna daga baya.

Batun tsada kuwa, a nan nake so ka nutsu. Darajar kati tana bin ƙafar ɗan wasan da ke jikinsa ne. Ƙungiyar Golden State ta ɗauki Curry na bakwai a zaɓen sababbin 'yan wasa na 2009 daga ƙaramar kwalejin Davidson, idon sawu ya yi ta damunsa, har a kakar 2011-12 wasa 26 kacal ya buga. A lokacin mutane da yawa sun ɗauka ba zai yi nisa ba. Sai ga kofi a 2015, 2017, 2018 da 2022, ga kyautar gwarzon ɗan wasa sau biyu, ta 2016 ma ba ƙuri'a ɗaya da ta kuɓuce masa, bayan ya zura jefa mai maki uku har 402 a kaka guda. A Disambar 2021 ya wuce tarihin da Ray Allen ya kafa na yawan jefa mai maki uku. Shi ya sa wani katinsa na shekarar farko, wanda guda ɗaya tak aka yi, aka yi masa kuɗi dala miliyan 5.9 a 2021.

To amma dubi Derrick Rose, shi ma mai jan ragamar wasa ne kamar Curry. Chicago ta ɗauke shi na ɗaya a 2008, ya zama gwarzon NBA a 2011 yana shekara 22, babu wanda ya taɓa cin ta da ƙuruciya haka. Afrilun 2012 jijiyar gwiwarsa ta tsinke a wasa da Philadelphia, kuma bai sake komawa yadda yake ba har ya yi ritaya a 2024. Har yau ina jin tausayin yaron nan idan na tuna gudunsa. Wanda ya zuba jarinsa a katunansa a 2011 bai san gwiwa za ta yanke masa hukunci ba.

Curry ya riga ya gama gina sunansa, don haka farashinsa ya riga ya hau. Idan ƙauna ce, ƙara haƙuri ka tara, ka sayi tantataccen guda ɗaya. Idan riba kake nema, dala 120 ɗinka ta fi amfani a kuɗin littattafai.

Tambaya: Malam, ɗana ya dame ni da in ba shi kuɗi ya shiga wani abu da ake buɗe kwalin katuna kai tsaye a bidiyo, kowa ya biya rabonsa, wai ko zai dace da mai sa hannu.

Amsa: Hajiya, kada ki ba shi. Ana biya ne kafin a san abin da ke cikin kwalin, mutum ɗaya ya dace, saura su tashi da katunan da ba su kai kuɗin aikawa ba. Wannan ya yi kama da caca ƙwarai, kuma yana shiga jinin yara da sauri. A lokacin korona, 2020 zuwa farkon 2021, kasuwar katuna ta yi tashin gwauron zabi, daga baya ta faɗo da waɗanda suka shiga a makare. Ki tambaye shi ɗan wasan da yake so, ku zauna tare ku zaɓi kati ɗaya da ake gani da ido, farashinsa a rubuce.

Tambaya: Zan dawo gida Kano da nawa katin. Yaya zan adana shi?

Amsa: Rana ce babbar abokiyar gabarsa, tana cinye tawada a hankali. Kada ka rataye shi a falo kusa da taga, kada ka bar shi a mota. Sa shi a 'yar ledar kati mai laushi, sannan a roba mai tauri, ka ajiye a akwati nesa da laimar damina. Idan baƙi sun so gani, su riƙe ta gefen robar, kada a fito da shi.