Me ya sa Excel ke ƙin buɗe lissafin da na sauke daga manhaja?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni akawu ce a wani kantin magani a unguwar Birni, Damagaram. Muna rubuta shige da ficen kaya a wata manhajar intanet, amma idan na fitar da lissafin ƙarshen wata, kwamfutar kanti mai Office 2003 sai ta ƙi buɗe shi, tawa ta gida kuwa ta yi gargaɗi cewa sunan fayil bai dace da abin da ke cikinsa ba. Wani lokaci ma duk bayanan sukan cunkushe a layin tsaye guda. Ina mafita?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Kafin ki zargi kwamfutar, ki fara duba haruffan da ke ƙarshen sunan fayil ɗin, domin a nan mafi yawan matsalar take. Har zuwa Office 2003, Excel, manhajar lissafin da ke cikinsa, yana adana aiki ne da tsarin xls, wanda ba ya ɗaukar fiye da layuka 65,536. A 2007 aka kawo xlsx, mai ɗaukar layuka 1,048,576, kuma tsohon Excel bai san shi ba sai an yi masa ƙari na musamman. A ganina gyaran Office 2003 ɓata lokaci ne, tunda Microsoft ya daina kula da shi tun 2014. Gara ki sa LibreOffice, wanda kyauta ne kuma yana buɗe tsarin biyu.

Gargaɗin kwamfutar gida daban yake. Manhajoji da yawa suna fitar da tebur irin na shafin intanet, su laƙaba masa sunan xls, kamar a zuba gero a buhun da aka rubuta wa shinkafa. Idan kin amince da inda fayil ɗin ya fito, ki buɗe shi, sannan ki sake adana shi da xlsx. Gyara na dindindin kuwa yana hannun wanda ya rubuta manhajar.

Cunkushewar bayanai kuma matsalar fayil ɗin CSV ce, wato fayil na rubutu zalla da ake raba bayanansa da wata alama, kuma ta fi damun mu a Nijar, saboda kwamfutocinmu da saitin Faransanci suke zuwa, inda waƙafi ke raba ɓangaren adadi, kamar 12,5, don haka Excel yana jiran alamar waƙafi mai ɗigo (;) tsakanin bayanai, alhali manhajar waƙafi ta sa. Kada ki danna fayil ɗin kai tsaye. Ki buɗe Excel, ki shigo da shi ta sashen Données, wato bayanai, ki zaɓi waƙafi a matsayin mai rabawa, ki kuma zaɓi tsarin haruffa na UTF-8 don kada ƙ da ɗ da é su rikiɗe. A nan ne kuma za ki mayar da layin lambobin kaya rubutu zalla, domin Excel yana zubar da sifirin farko, kuma duk lambar da ta wuce alƙaluma 15 yakan mayar da ragowarta sifiri.