Bangon ciki ma sai da harsashi

Tambaya: Ina sayar da hatsi a Dawanau. Na sayi tsohon sito babba, zan raba shi ɗaki huɗu da ginin ƙasa in ba da haya. Ƙanin matata magini ne, ya ce ruwa ba ya dukan bangon ciki, a ɗora tubali kan daɓe kawai, da kuɗin fandisho a ƙara ɗaki na biyar. Na ba shi rabin kuɗi. Ina sa ran uwar kuɗina ta dawo a shekara guda.

Amsa: Alhaji, kai da ba ka karɓar buhun masara sai ka soka masa tsiko, yaya aka yi ka karɓi wannan magana ba bincike? Don suruki ne ya faɗa. Da baƙon magini ne, da ka tambayi mutum uku kafin ka zaro ko sisi.

Bangon ƙasa mai tsawon ƙafa 12, tsayi ƙafa 10, kauri ƙafa 1, nauyinsa ya kai tan 6, kamar buhun siminti 120 ke nan a jere kan siririn layi. An yi daɓe ne don ƙafar mutum da tabarma. Zai tsage, bangon ya zauna, ya rabu da na waje. Gaskiya ne ruwan sama ba ya dukansa, amma danshi daga ƙasa yake hawowa. A watan Agusta gindin tubali zai sha ya jiƙe, gara ta samu hanya, hatsin ɗan haya ya yi fumfuna.

Na san wani mai sayar da gyaɗa da ɗan wansa ya yi wa irin wannan aiki. Damina ta biyu bango ya kwanta kan kayan mutane. Ya biya diyya, ya sake gini, kuma ko ƙara bai iya kaiwa ba, don uwar yaron ta zo har gida tana kuka. Yau ko gaisawa ba sa yi.

A fasa daɓen, a haƙa har a tarar da ƙasa mai tauri, a cika da dutse, faɗinsa ya ɗara kaurin bangon. A ɗaga shi kamar taƙi ɗaya sama da daɓe, a shimfiɗa leda mai kauri, sannan tubali ya hau. In azara za ta kwanta a kansa, a yi masa harsashi daidai da na waje.

Kafin nan, dakatar da sauran kuɗin. Kira wani tsohon magini da ba ku haɗa komai ba, biya shi ya duba. Rubuta zurfi, faɗi da farashi a takarda, surukinka ya sa hannu gaban shaidu biyu. Zai ɓata rai, Hajiya ma wataƙila ta yi kwana biyu tana cika tana batsewa. Ka jure.

Ɗaki na biyar kuwa ka manta da shi. Maganar shekara guda ma haka: kuɗin haya a hankali yake shigowa, ga yaɓe da gyara duk bayan damina. Ka yi lissafin shekaru da dama, in jarinka na hatsi ba zai iya jira ba, gina ɗaki biyu bana.