Ku Tambayi Bakanike: Na gyara Mustang ɗin 1966, me ya sa masu taya suke min wulaƙancin farashi?

TAMBAYA: Salam Malam, da fatan kana lafiya ya aiki. Ni mazaunin Columbus ne a jihar Ohio, shekara uku kenan ina fama da wata Ford Mustang ƙirar 1966 irin mai rufin tamfol ɗin nan da ake naɗewa baya. Dala dubu 14 na saye ta tana zube a garejin wani tsoho, na kashe mata kusan dubu 38, sabon fenti ja (da fara ce), kujeru, rufi, an sauke inji an sake ɗaurawa. Yanzu buƙata ta taso zan sayar amma wanda ya fi kowa tayi dubu 30 ya ce, wallahi har raina ya ɓaci. Don Allah ina zan samu masu tara irin waɗannan motocin da suka san darajarta? Daga wani mai karatu a Ohio.

AMSA: Wa'alaikumus salam ɗan uwa, sannu da ƙoƙari. Bari in fara da mai ɗacin tunda ita ce za ta amfane ka, mai tara tsofaffin motoci ba ruwansa da nawa ka kashe, abin da yake biya shine abin da motar take da kuma shaidar da za ka iya nuna masa, kuma yawancin waɗanda suka yi irin gyaran nan daga tushe basa maida kuɗinsu. Mustang kuma ba abu ne mai wuyar samu ba, a shekarar 1966 kaɗai Ford ta ƙera sama da dubu 600, masu buɗaɗɗen sama irin taka sun haura dubu 70. To kaga mai saye yana da zaɓi.

Kafin ka ce albarka ko ka sallama, ɗaga boneti ka duba lambar shasi a jikin ƙarfen gefen direba. Harufa da lambobi 11 ne, kada ka nemi 17, wannan tsarin sai 1981 aka fara shi. Na farko 6 shine shekara, na biyu masana'anta (F Dearborn, R San Jose, T Metuchen), sai 08 wanda ke nuna tun asali mai buɗaɗɗen sama ce, ba wani ne ya yanke mata rufi ba. Na biyar ɗin nan shine inda kuɗin yake. In T ne silinda shida ce, C ko A injin 289 ne mai silinda takwas, in kuwa ka ga K to ka zauna ka sha ruwa tukuna don wannan shine mai ƙarfin doki 271 kuma farashinsa daban ne kwata-kwata. Baka faɗa min naka ba, amma inaga da K ne da tuni wayarka ta hana ka barci.

Sai maganar fenti, nan kam ka ɗan yi wa kanka. A jikin ƙofar direba akwai ɗan farantin ƙarfe da Ford ta rubuta kalar asali da ta kujeru da irin giya, in farar da ake kira Wimbledon White ce za ka ga M, kuma duk wanda ya san harkar nan ƙofar zai fara buɗewa kafin ma ya gaishe ka da kyau. Ja yana da kyau a ido ban musa ba, ni kaina ina so, akwai ma masu saye don yawon ƙarshen mako da ja ɗin zai ja su, sai dai masu neman komai yadda ya fito daga kamfani za su rage maka. Kada ka ɓoye, kai ka fara faɗa.

Abu na gaba da za su bi shine tsatsa, balle da suka ji Ohio inda ake zuba gishiri a titi lokacin ƙanƙara. Za su kwanta ƙarƙashinta su duba ƙasan bodi da ƙarafan da ke riƙe ta, su zuba ruwa ta ragar da ke gaban gilashi su gani ko zai ɗigo kan kafet, wani har maganaɗisu yake zuwa da shi yana manna wa bodi don ya gane inda aka cika da fila. Mota marar rufin ƙarfe duk ƙarfinta a ƙasa yake, in ƙasan ya ci ƙofofi ma basa rufuwa daidai. Don haka hotunan da ka ɗauka lokacin aiki, tun tana tsirara ba fenti, da rasit ɗin kowane kaya da sunan wanda ya ɗaura injin, ka tara su a fayil ɗaya. Wallahi wannan fayil ɗin ya fi goge taya kawo kuɗi. In baka ɗauki hoto ba, ka sa a ɗaga ta sama a gareji a ɗauki ƙasan tas da bidiyon tada inji da safe yana sanyi.

Wajen sa farashi ka duba jadawalin Hagerty, wani kamfanin inshorar tsofaffin motoci da ke fitar da ƙiyasin farashinsu, su suna kasa mota hawa huɗu, na 1 ta gasar nuni ce, na 4 mai tafiya da laifuffukanta. Kowa gani yake tasa ta 1 ce, alhali yawanci ta 3 ce ko in an yi aiki mai kyau ta 2. Kuma ka bi farashin da aka sallama, ka rabu da wanda mutane suke rubutawa a talla.

Inda za ka kai ta kuwa, akwai manyan gwanjo irin Barrett-Jackson a Scottsdale ta Arizona da Mecum a Kissimmee ta Florida, duka a watan Janairu, amma ka lissafa kuɗin shiga da la'ada da na tirelar da za ta kai ta, sannan Barrett-Jackson yawanci ba a sa ƙaramin farashi, duk inda guduma ta faɗi ka sallama kenan ko kana kuka. Ni da nine da mota irin taka Bring a Trailer zan sa ta, gwanjon intanet ne na kwana bakwai, za ka iya neman a sa iyakar da ba za ka sauka ƙasa da ita ba, ko kuma ka ba da talla a Hemmings, mujalla da shafin tallar tsofaffin motoci, in baka gaggawa. In buƙatar za ta iya jira ka bari sanyi ya wuce, ba mai marmarin buɗe rufi ƙanƙara tana zuba.

Ka tabbata takardar mallaka da sunanka take kuma lambar ciki ta yi daidai da ta jikin mota harafi da harafi. Wanda duk ya turo maka cek da ya fi kuɗin motar ya ce ka maido masa canji ko ka biya direbansa, ɗan damfara ne, kada ka ba da makulli sai bankinka ya tabbatar kuɗin sun zauna. Shi kuma mai dubu 30 ɗin kada ka yi masa faɗa, riƙe lambarsa, ka turo min harafi na biyar ɗin nan da hoton ƙasan motar sai in gaya maka ko ka kira shi.